Daidai ruwa, daidai tsaki: ta dace da zaɓen resista kuwa?

Ɗalibi daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙananan ƙwayayen fitilar lantarki jajaye da ake kira LED domin ƙawata allon shagon yayana, kuma batir mai bolt 12 zan sa. Kowane ƙwai yana bukatar kimanin bolt 2 da miliamfa 20, saboda haka na cire 2 daga 12, na raba 10 da 0.02 (wato miliamfa 20 a ma'aunin amfa), lissafi ya ba ni resista mai om 500, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga ƙwan. Da na je saye, 470 da 560 kawai na samu, sai mai shagon ya miƙo mini 560 yana cewa, "Daidai ruwa, daidai tsaki." Abin ya tsaya mini a rai, domin a fahimtata karin maganar tana nufin abu ya zo cif-cif, alhali 560 ba 500 ba ce.

Mai gyaran rediyo daga Kasuwar Barci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mai shagon bai yi kuskure ba. Macen da ke dama fate ba ta ƙirga tsaki, ruwan da ke tukunya take dubawa ta zuba abin da zai ɗauka, kuma ruwanka ba tsayayye ba ne. Batirin da ake kira mai bolt 12 yana kai 12.6 idan ya cika, yana kuma iya haura 14 lokacin da ake cajinsa. A bolt 14.4, resista 470 za ta saki kusan miliamfa 26, wanda ya yi wa ƙwan yawa, 560 kuwa za ta tsaya a wajen 22. Ɗan hasken da za ka rasa da ƙyar ido zai gane shi. Sai dai kada ka zarce ka sa om dubu goma, a nan ne linzami zai fi ƙarfin bakin kaza.

Malamin Hausa daga Kawo:
Baba, na yarda da bayaninka na farko, domin ma'anar ita ce a auna abu gwargwadon abin da zai haɗu da shi. Amma da izininka, ban ga wurin linzami a nan ba. Ana faɗin wannan ne idan aka ɗora wa wani abin da ya wuce iyawarsa, shi kuwa ƙwan da aka sa wa babbar resista ba a cuce shi ba, dusashewa kawai zai yi. Wanda aka jona wa batir kai tsaye har ya ƙone, shi ne kazar.

Mai gyaran rediyo:
Malam, na karɓi gyara, amma akwai wata kazar da ka tsallake, wato resistar kanta. A bolt 14.4, zafin da ke sauka a kan 560 ya kai kusan wat 0.27, ƙananan da aka fi sayarwa kuwa kwatan wat ne ƙarfinsu. Na sha buɗe kayan da resista ta yi baƙi ƙirin, ƙwan yana nan lafiya lau. Ɗana, ka koma ka nemi mai rabin wat, ka duba zanen launin da ke jikinta ya zama kore, shuɗi, ruwan ƙasa, alamar 560 ke nan, sannan kowane ƙwai ka ba shi tasa.

Ɗalibi:
Na gode, Baba. Kwatan wat ɗin mai shagon ya ba ni, gobe zan mayar masa.