Daga Kano zuwa Akra a ƙaramin jirgi: ina za a tsaya shan mai da kwastam?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wani bawan Allah ya ba ni aikin kai masa Cessna 172 daga nan filin Malam Aminu Kano zuwa Akra a cikin Janairu. Wannan ne karo na farko da zan tsallaka iyaka ina kujerar hagu, wato ni ne matuƙi. Na auna tafiyar, ta ɗan haura mil 640 na jirgi a miƙe, tankina kuma galan 53 ne. Dole na sauka wani wuri. Ina tunanin Ilori, don kusan tsakiyar hanya take. Me kuka gani?

Kyaftin na Bompai: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sa albarka. Kafin mu kai ga taswira, wa ya ce maka akwai afgas, wato fetur ɗin ƙananan jirage, a inda za ka sauka? Da wannan ake farawa. Kananzir ɗin jirgi, Jet A-1, kusan duk babban fili za ka same shi, domin shi manyan jirage ke sha. Amma injinka na fistan ne, afgas nau'in 100LL yake so, shi kuwa a wannan yanki namu sai an neme shi. Kasancewar makarantar tuƙin jirgi a gari ma ba hujja ba ce. Kai da ka fito daga Zariya ka san jiragen Diamond da ake koyarwa da su yanzu kananzir suke sha.

Ɗan Zariya: Gaskiya ne Kyaftin. Na ɗauka duk inda ake koyar da tuƙi za a samu.

Hajiya ta ofishin dako: Ɗana, ni ta wajen takarda zan yi magana, nan ne aikina shekara da shekaru. Abin da ke rikita sababbi shi ne wannan: inda ƙafarka ta bar ƙasar Najeriya a karo na ƙarshe, nan ne za a buga maka hatimin fita. Ba za ka yi kwastam da shige da fice a Kano, ka tashi, ka sauka wani gari a cikin gida ka sha mai, sannan ka wuce waje da hatimin safe ba. Saboda haka zangonka na ƙarshe ya zama fili mai jami'an kwastam da na shige da fice a zaune, a ranar da kuma sa'ar da za ka iso. Akwai filayen da sunansu na ƙasa da ƙasa ne, amma sai lokacin jigilar alhazai suke cika da jami'ai. Ka buga waya ka tambaya, kada ka dogara da allon da ke bakin ƙofa.

Kyaftin na Bompai: Shi ya sa ni Legas zan ce. Kano zuwa Legas kamar mil 450 ne. In kana tafiya wajen mil 115 a awa, jirgin na shan kusan galan 9, awa huɗu ke nan, galan 36 zuwa 40 in ka haɗa da hawa. Za ka sauka da saura mai kyau. Daga nan Akra ba ta kai mil 220 ba, ka bi gaɓar teku ta saman Benin da Togo, cikin awa biyu ka isa. Ga kwastam ga komai a wuri ɗaya. Aibinta cunkoso: kai ƙarami ne a tsakanin manya, hasumiya na iya sa ka zagaye kana jira, kuɗin sauka da na masu hidima kuma ba kaɗan ba ne.

Mai Caravan: Ranka ya daɗe, ni ban yarda da Legas ga wanda bai taɓa fita ba. Abuja fa? Ba ta kai mil 200 daga nan ba, filin ya fi sarari, ya gama takardunsa hankali kwance.

Kyaftin na Bompai: Kai jirginka Caravan kananzir yake sha, ko'ina gidanka ne. Duba abin da ya rage masa daga Abuja: kusan mil 490, kuma a ƙarshen doguwar tafiyar ne zai shiga ƙasar da bai sani ba, da mai kaɗan a tanki, ga gajiya. In Akra ta rufe, ina zai nufa? Gara a sa dogon zango a cikin gida, inda in abu ya ɓaci akwai Kaduna, akwai Minna, akwai Ilori, akwai Ibadan a ƙarƙashinka, gajeren kuma shi ne na tsallaka iyaka.

Mai Caravan: Wannan hujja ce, na karɓa. Amma ya riƙe Abuja a aljihu in Legas ta ce ba mai.

Baba Injiniya: Yaro, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don ka ji dalilin da ya sa Kyaftin ya fara da mai. Wata shekara na raka wani jirgi irin naka, an tabbatar mana a waya cewa akwai afgas a wani fili da ba zan kama suna ba. Mun sauka da azahar, rana na dukan kwalta. Aka mirgino mana duro ɗaya daga bayan wata rumfa, murfinsa ba hatimi, gefensa duk tsatsa. Na ɗiba a kwalba na ɗaga sama ina kallo. Shuɗin nan na afgas ya koɗe, can ƙasan kwalbar kuma ga ruwa ya kwanta kamar ƙwayar wake. Na ce wallahi wannan ba zai shiga jirgin nan ba. Kwana uku muka yi a garin kafin a kawo mana sabon duro a mota.

Don haka ka nemi su rubuto maka: lita nawa, a tanka yake ko a duro, yaushe aka cika shi, hatiminsa na nan ko babu. Duro lita 200 ne, kusan daidai da cikin tankinka, kuma sau da yawa gaba ɗaya za a sayar maka ko da rabi kake bukata. Ka tafi da mazurari mai tata naka. Ka tsaya a kan fiffike da kanka lokacin da ake zubawa, ka ga launin da idonka. In aka yi kuskure aka zuba maka kananzir, injin zai tashi lafiya da ragowar man da ke cikin bututu, sai ka bar ƙasa ya mutu. Kuma kada wani ya lallaɓe ka da fetur ɗin gidan mai wai duk ɗaya ne.

Ɗan Zariya: Allah Ya saka da alheri Baba. To Kwatano ko Lome fa? Wani ya ce min sun fi Legas sauƙin sha'ani.

Hajiya ta ofishin dako: Kowace ƙasa ka ƙara, ka ƙara takarda. Wucewa ta sama izini ne, sauka wani izinin ne daban, ga shiga da fita a wurin jami'ansu, ga Faransanci a ƙasa ko da hasumiya ta yi maka Turanci, ga sefa da za ka nema. Ko yanzu kana bukatar izinin ratsa Benin da Togo, da na sauka daga hukumar jiragen Gana, da sahalewar NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta nan gida. Ka fara nema da wuri, ka rubuta lambobin izinin a shirin tafiyarka. Fasfonka na ECOWAS ya ishe ka ba biza, amma kada ka mance katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Takardar bayanin jirgi da mutanen ciki kuma ka buga kwafi da yawa, kowane tebur sai ya karɓi nasa. Ka haɗa da wasiƙar mai jirgin cewa shi ya ba ka.

Malamin hasashen yanayi: Janairu kuka ce ko? Tsakiyar hunturu ke nan. Iskar arewa maso gabas za ta tura ka a tafiya, in za ka dawo da shi kuma ita za ta ci maka mai, kada ka yi lissafin dawowa da na zuwa. Babbar matsalar hazo ce. Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi kan rufe Kano har manyan jirage su kasa sauka, kuma tana kaiwa har bakin teku. Ka duba rahoton hukumar hasashen yanayi NiMet na Legas da safen, ba na jiya ba. In ganin ya yi ƙasa, ka zauna ka sha shayi.

Kyaftin na Bompai: Ka tashi bayan asuba da zarar gari ya waye, ka isa Legas kafin azahar. Ka ware awa biyu zuwa uku a ƙasa, takardu ba sa sauri. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, amma rana ba ta san da wannan ba, da lokacin faɗuwarta za ka yi lissafi. In la'asar ta yi maka a Legas, ka kwana. Kuma ka guji Juma'a.

Ɗan Zariya: Na gode ƙwarai. Gobe zan rubuta wa masu mai na Legas da na Akra, in sun amsa a rubuce zan kawo nan ku duba min. Hajiya, zan iya zuwa ofis ranar Litinin da takardun jirgin?

Hajiya ta ofishin dako: Ka zo bayan goma. Ka taho da takardar inshora, ina so in ga ko ta ambaci Gana.