"Da tsohuwar zuma ake magani": wace zuma ake nufi?

Bakabe: Assalamu alaikum. Jiya a majalisarmu nan Birnin Kabi gardama ta kaure kan shugabancin kwamitin masallaci. Matasa suka ce Baba ya huta, shekara 30 ke nan yana riƙe da littafin kuɗi. Shi ko ya gyara zama ya ce "da tsohuwar zuma ake magani." Wani yaro ya ce zumar ma in ta daɗe ƙwarai ƙudaje take tarawa. Saura kaɗan a tashi baram-baram. Shekaru ne maganin, ko wani abu daban?

Malamin Jega: Wa alaikumus salam. Hadisi ya ce shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne zuwa 70, kaɗan ke wucewa. Wanda ya haura, ya ga abin da ba mu gani ba. Yaron nan ya yi rashin kunya, a gaya mai.

Ɗan Gusau: Malam, namu tsofaffin zumar fa? Tun ina firamare hoton mutum ɗaya ke manne a bangon kasuwa, launin hula kawai ke sauyawa. Har yau ciwon bai warke ba.

'Yar Argungu: Kun tuna min da Inna, kakata, Allah ya jiƙanta. Ranar sadakar bakwai wani kawunmu ya tashi ya ce ta rasu tana da shekara 130. Kowa ya yi kabbara. Ni dai na yi shiru, don ita da bakinta ta sha ba mu labarin zuwan da Sarkin Musulmi Hasan ya yi Argungu, lokacin da aka yi masa bikin kamun kifi a Matan Fada. Ta ce tana ƙaramar yarinya, tana bin yayarta tallan fura, aka ture musu ƙwarya cikin turmutsutsu, suka koma gida suka sha kashi. Wannan 1934 ne. Ko a ce tana da 10 a lokacin, ba ta cika 100 ba. Tana raye ma takan ce, "ku ɗiyan zamani, kowace Sallah sai kun ƙara mini biyar, awa kuna biyana." Kuma zuma ta gaske take ajiyewa a ƙaramin tulu ƙarƙashin gado, ta yi baƙi ƙirin. Yaro ya ƙone ko tari ya kama shi, sai ta lakato da tsinke. Ba ta taɓa cewa ita ce zumar ba. In ka kawo mata karin maganar nan sai ta nuna maka tulun.

Bakabe: Allah ya jiƙan Inna. To 130 ɗin ma ai da ta karya tarihin duniya.

Akawu: Ƙwarai. Wadda aka tabbatar da takardu ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta garin Arles a Faransa, 1875 zuwa 1997, shekara 122 da kwana 164. A maza, Jiroemon Kimura na Japan, 116, ya rasu a 2013. Su sai an ga rajistar haihuwa, ta aure, da ƙidayar jama'a sun yi daidai kafin a yarda. Mu kuwa da "shekarar fara" da "shekarar yunwa" muke lissafi. Abin dariyar, ita Jeanne ɗin tana da shekara 90 wani lauya ya yi yarjejeniya da ita: yana biyan ta kuɗi duk wata, in ta mutu gidanta ya zama nasa. Shekara 30 yana biya. Ya riga ta mutuwa a 1995, matarsa ta ci gaba da biya.

Ɗan Gusau: Mai rabon ganin baɗi ke nan! Lauyan nan ɗan'uwan mataimakan da ke jiran maigida ya sauka ne.

Malamin Jega: Akawu, tarihin Turawa ka ce. Annabi Nuhu shekara 950 ya yi cikin mutanensa.

Akawu: Malam, ban musa ba, masu takardar haihuwa nake nufi. Namu ma'aikatan ma takarda gare su, sai dai ita baya take tafiya. Akwai wanda ƙaninsa ya riga shi ritaya.

'Yar Argungu: Tulun yana wurin gwaggona har yanzu, ta hana kowa taɓawa.

Bakabe: To ni dai gobe bayan Isha za a sake zama. In ce wa Baba mi?

Ɗan Gusau: Ka ce ya kawo littafin kuɗin mu ɗanɗana.