Takardar CCNA ko tsohuwar kwamfutar Banex?

Ɗan Kubwa: Assalamu alaikum manyanmu. Na gama hidimar ƙasa, na tara 'yan kuɗi, ina son aikin kula da saba (server, kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da layukan sadarwa na ofis. Kuɗin jarabawar CCNA kaɗai, wato satifiket ɗin kamfanin Cisco kan layukan sadarwa, dala 300 ne, ban da kuɗin aji. Jiya wani a nan ya ce satifiket asarar kuɗi ne, gara in je Banex, kasuwar kwamfuta da ke Wuse 2 a Abuja, in sayi tsohuwar kwamfuta in koya da hannuna. Don Allah a warware min.

Injiniya: Ni na faɗa, ƙanena, kuma ina nan kan bakana. A wani kamfani da na yi aiki an ɗauki yaro mai satifiket uku. Ran nan sabar ofis ta tsaya cik, ashe faifan ajiya ne ya cika da tarkacen rahotannin da manhaja ke rubutawa. Yaron nan ya yi awa biyu yana kallon baƙin allon da ake rubuta wa saba umarni, gumi na zuba, ko umarnin duba sauran wurin da ke kan faifai bai sani ba. Daga baya ya faɗa min gaskiya: tambayoyin sata ya haddace ya ci.

Anti Garki: Injiniya, wa ya ɗauki yaron?

Injiniya: Sashen ɗaukar ma'aikata mana.

Anti Garki: To ka gani. Ka ba da labarin ne don ka kushe takarda, amma ita ce ta shigar da shi ofishin. Ni na zauna a wannan teburin. Tulin takardun neman aiki ne gabanka, kai kuma ba ka san bambancin Linux da Windows Server, manhajojin da ke tafiyar da saba, ba, an dai ce ka tace goma. Da me za ka tace? Wanda ya rubuta "na iya sosai" ko wanda Cisco ta sa masa hannu? Yaron da ya ƙware a ɗakinsa na Kubwa, idan ba shi da kawu a ciki, ba mai kiransa balle a ga hannunsa.

Injiniya: Anti, ai wannan ciwon ne nake faɗa, ba magani ba.

Anti Garki: Shi aiki yake nema, ba gyaran Najeriya ba.

Malam Gwarimpa: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta cewa satifiket kamar duk jinsinsu ɗaya. Wanda yawancinsa zaɓi-ka-cika ne, shi ɓarayin amsa suka fi lalatawa. Amma RHCSA, jarabawar Linux ta kamfanin Red Hat, ba a tambayarka komai da baki. Na'ura ake ba ka, a ce buɗe wa ma'aikata asusu, yanka faifai, gyara izinin fayil, tayar da wannan hidimar. Kuma duk abin da ka yi dole ya tsaya bayan an kashe an kunna, in ya goge ka yi aikin banza. Sai ka samu 210 cikin 300. Yaron Injiniya da wannan ya zauna, da tun a ɗakin jarabawa asirinsa ya tonu. LFCS na Linux Foundation ma da hannu ake yinsa.

Injiniya: Wannan na yarda, Malam. Sai dai ku faɗa masa takardar tana mutuwa. CCNA shekara 3 ce, RHCSA ma haka. Ni MCSA na yi, na sha wuya a kanta, Microsoft ta yi mata ritaya a Janairun 2021. Tana nan a firam, ƙura na hawa. Abin da na koya da dare ina ta da sabar da ta faɗi kuwa bai mutu ba.

Malam Gwarimpa: Ba duka ke cin kuɗi wurin sabuntawa ba. AZ-104, satifiket ɗin Azure na Microsoft, duk shekara ake sabunta shi, kyauta, ta intanet.

Ɗan Kubwa: Ni fa dalar ce ke ba ni tsoro.

Injiniya: Tana da ban tsoro. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Lissafa dala 300 ka gani. In ka faɗi kuma sai ka sake biya.

Anti Garki: Ƙanena, aikin gwamnati kake hari ko kamfani? In ma'aikata ce, digiri ko HND ke ba ka matakin albashi, CCNA ba ta ƙara maka ko rabin mataki. Amma kamfanonin da ke neman kwangilar jan layi da kafa na'urori a garin nan, su ke bukatar takardarka, domin Cisco ba ta ba kamfani babban matsayin abokin hulɗa sai yana da ma'aikata masu shaidarta. Irin su ne ma kan biya wa mutum kuɗin jarabawa in ya shiga.

Injiniya: Ka ji? A bar su su biya.

Anti Garki: Bayan ya shiga na ce. Ta ina zai shiga?

Malam Gwarimpa: Kada ya biya kuɗin aji dai tukuna. Packet Tracer, manhajar gwajin haɗa layukan sadarwa, kyauta ne a Cisco Networking Academy. Ya sa Proxmox ko VirtualBox, masu ba ka kwamfutocin gwaji a cikin kwamfuta ɗaya, ya kafa Rocky Linux biyu ko uku, ya lalata su da gangan ya gyara. Randa ya daina tsoron baƙin allo, sai a yi zancen wace jarabawa.

Anti Garki: Ya dai sa wa kansa rana. Na san masu "ina shiri" tun kafin korona.

Ɗan Kubwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Injiniya, RAM nawa zan nema?

Injiniya: Kada ka yarda da ƙasa da giga 16. Asabar bayan azahar ina Wuse 2, ka same ni mu shiga tare, kada su sayar maka da wadda faifanta ya gaji.