Wa ya taɓa fita da ɗalibai farfajiya don darasin sauyin yanayi?

Malamar kimiyya:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shekara uku ke nan ina koyar da ɗumamar yanayi a kan allo: hayaƙin masana'antu, narkewar ƙanƙara, yarjejeniyar Paris ta 2015 da burinta na tsayar da ƙaruwar zafi a digiri 1.5. Yara su haddace, su ci jarrabawa. Amma ranar da na tambaye su ina ruwan da ke zuba daga rufin ajinmu yake tafiya, tsit kake ji. Abin ya tsaya mini a rai. Zangon nan ina so in fita da su waje. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mini yadda ta kaya.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni da gorar roba ta auna ruwan sama na fara. Muka yanke wuyanta muka kifa shi ciki kamar mazurari, muka zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, muka ƙara ruwa har ya rufe tsakuwar, nan ne sifili, sai muka ɗaura rula a jiki. Kullum da safe yara biyu su duba su rubuta. Na koya musu cewa milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufin ajinmu mita 10 ne da mita 8. Wata safiya gorar ta nuna milimita 20, suka buga lissafi ya ba su lita 1,600. Wata yarinya da ba ta cika magana ba sai da ta sake lissafin sau uku, ta ɗago ta ce, "Malam, duk wannan a dare ɗaya muka bari ya tafi?" Daga nan muka bi sawun ruwan da ƙafa, har inda yake cin ƙasa a gindin katanga. Su da kansu suka rubuta wa shugaban makaranta takarda suna neman indararo da tanki. Tankin bai samu ba har yau, amma sun haƙa 'yar magudana da ke kai ruwan gindin itatuwa.

Malamar firamare:
Ni tawa ba daɗin ji, amma gara in faɗa. Mun dasa itatuwa ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, aka ɗauki hotuna, kowa ya yi murna. Aka tafi dogon hutu babu wanda aka ɗora wa kula da su. Da muka dawo dabbobi sun cinye wasu, sauran sun bushe. Wani yaro ya tsaya kan ramin nasa ya ce, "Malama, mu ne muka kashe su?" Wallahi na kasa ba shi amsa. Daga baya na karanta yadda Wangari Maathai, mai fafutukar dasa itatuwa, ta yi a Kenya tun 1977: matan da ke aikin ana ba su ɗan hasafi ne a kan dashen da ya rayu. Shekarar da ta biyo muka dasa kaɗan, muka killace kowanne, muka ba kowace bishiya yara uku da ke zaune kusa da makaranta. Yanzu rayayyu muke ƙirgawa duk ƙarshen wata.

Wani uba:
Malamai, ku dubi zukatan yaran ma. 'Yata ta kalli bidiyon Greta Thunberg, wadda ta fara zaman dirshan kan sauyin yanayi a gaban majalisar Suwidin a 2018 tana da shekara 15, da na gobarar daji da ambaliya, har barci ya ƙaurace mata. Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne aikin da malaminta ya ba ta: ta riƙa auna zafi a inuwar bishiya da kuma tsakiyar fili. Tana zuwa mini da littafinta in ga bambancin da idona.

Shugaban makaranta:
Ina goyon baya, amma da sharaɗi. Na taɓa ganin an mai da darasin muhalli aikin sharar fili, yara na ta kwasar leda cikin rana ba tare da an tambaye su daga ina take zuwa ba. Malama, ki sa fitar cikin jadawali, ki ɗaura ta a kan batun da ke cikin manhaja, ki sanar da iyaye, kuma ki zaɓi safiya.

Malamar kimiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da gorar zan fara, ranar Litinin zan auna rufin tare da su. Malam, gora nawa kuka ajiye, kuma yaya nisanta da gini ya kamata ya kasance don kada ruwan rufi ya riƙa fantsama ciki?