Muhawara: Shin Cin Amana Ne a Sayar da Tsohon Jaki ga Masu Fata?

Malam Hudu: Assalamu alaikum, dattawa da 'yan'uwa. Ina da auraki da ya yi mini bauta shekara 14, yanzu haƙoransa sun cinye, kuma ba ya kai mangalar taki gona sai ya durƙusa a hanya. Wani dillali ya ce in kai shi karar Maigatari ranar Alhamis, akwai masu saye don fata, kuma tayinsu ya fi abin da manomi zai iya biya. Ni a ganina babu laifi, domin dabba dukiya ce, kuma ban taɓa jin an zargi wanda ya sayar wa mahauci tsohon san noma ba. Uwar 'ya'yana ta ce cin amana ne. Ina neman ra'ayinku.

Alhaji Ɗanlami: Malam Hudu, ka sayar. Kowa ya san yadda harawa da dusa suke tsada da bazara, kuma tsohon jakin da mai shi ya kasa ciyarwa sakinsa ake yi, ya dinga bin juji yana cin leda har ya mutu a bayan gari ungulu su taru a kansa. Ban ga tausayin da ke cikin wannan ba.

Malam Isiyaku: Alhaji, Allah ya gafarta maka, sa da jaki ba hukuncinsu ɗaya ba. A Suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ya ce don a hau su ne kuma su zama ado, sannan Manzon Allah (SAW) ya hana cin naman jakin gida a ranar Haibar. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, sai ya tsine wa wanda ya aikata hakan. Ba zan yi gaggawar cewa cinikin haramun ne ba, amma san da ka miƙa wa mahauci ka san da wuƙa mai kaifi za a yanka shi da sunan Allah, shi kuwa wannan ya kamata mu fara tambayar abin da zai same shi bayan an karɓi la'ada.

Bala Direba: Allah ya gafarta Malam, wannan zan iya amsawa, domin na taɓa yin yaron mota a tirelar da ta kai jakuna Ezzamgbo a jihar Ebonyi. Cusa su ake yi har babu wurin juya wuya, mun yi kwana biyu a hanya ba a ba su ko ɗigon ruwa ba. Wata jaka mai ciki ta faɗi tun kafin Lokoja, sauran suka yi ta taka ta, da muka isa sai da igiya aka jawo gawarta, kuma mai kayan bai ko ɗaure fuska ba, tunda fatar bai rasa ba. Daga wannan tafiya ban sake yarda na bi lodin jakuna ba.

Malama Hauwa: Ina so in ƙara da cewa lamarin ya wuce jakin mutum ɗaya. Ita fatar, ƙasar Sin ake kai ta, a dafa a fitar da wani ƙullin magani da suke kira ejiao. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, kuma a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka jakuna don fata a faɗin nahiyar. Dalilin a fili yake, domin jaka tana ɗaukar ciki kusan wata 12 ta haifi ɗa guda, masu saye kuwa ba su bambanta tsoho da matashi. Idan jaki ya yi tsada ya fi ƙarfin talaka, jarkar ruwan da yake ɗaukowa daga rijiya kan mata da yara take komawa.

Alhaji Ɗanlami: Malama, na karɓi maganarki, amma an bar jaki ana dukan taiki. Mu dillalai ake zagi, alhali jakunan da ake kawo mana, idan ka ɗaga akumari za ka tarar da gyambo kamar tafin hannu, an shafa masa baƙin mai ƙuda na bi, ƙafafu duk sawun dabaibayi, kunne a yage saboda sanda. Wanda ya yi shekara goma yana wannan ba shi da bakin yi wa mai saye wa'azin tausayi.

Kawu Iro: Ɗanlami ya faɗi gaskiya mai ɗaci, sai dai na san aurakin Hudu, bayansa babu tabo. Hudu, ɗana, shi ne ya ɗauko ƙasar da aka gina ɗakin mahaifiyarka. Ka kawo shi turkena, ina da harawar da za ta kai mu saukar damina, kashinsa kuma taki ne a gonata.

Malam Hudu: Na gode, Kawu, Allah ya ƙara girma. Sai dai da kuɗinsa nake sa ran cikawa in sayi ƙaramin jaki, ga taki jibge a ƙofar gida ban kai gona ba. Zan zo bayan la'asar mu yi magana, idan za ka ara mini amalankenka na kwana uku.