Baƙon Indiya a Ƙofar Wasu: Musayar Waƙa

Malam Na-Kurmi

Da sunan Allah, Mai halittar launuka,
Ja da baƙi duk bayinSa ne a duniya.

Salati ga Manzo da ya ce babu fifiko
Na fata kan fata, sai taƙawar zuciya.

'Yan'uwa, ga zance na aza kan faifai,
Halin matafiyi in ya fito daga Indiya.

Ya tara kuɗinsa, ya yanki tikitin jirgi,
Yawon buɗe ido ya kai shi Italiya,

Ko Suwizalan, inda 'yan fim ɗin ƙasarsu
Suka sha rawa kan ƙanƙara tun ba jiya.

A 2019, a garin Gstaad, wani otal
Ya fid da takarda don baƙinsa na Indiya:

Kar a kwashi abincin kari a fita da shi,
A ɗiba da cokali, kuma ban da hayaniya.

Sharaɗin ba laifi, otal da yawa na da shi,
Laifin shi ne a nuna ƙasa guda ɗaya.

Attajiri Harsh Goenka ya watsa hotonta,
Otal ya ba da haƙuri bayan shan kunya.

To yaya baƙo zai iya rarrabewa
Tsakanin dokar kowa da tsantsar wariya?

In ya gane, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?
Masana hanya, na bar muku tambaya.

Hajiya Ta-Damagaram

Malam, sannu da ƙoƙari, bari in faro daga tushe,
Tun yana gida ake soma tacewa.

Bizar Shengen, ta shiga Turai, yuro 90 ce ga babba,
A Yunin 2024 ta samu ƙaruwa.

Yaro daga shekara 6 zuwa 11, yuro 45,
In an hana biza kuɗin ba sa dawowa.

Inshorar lafiya ta kai yuro 30,000,
Ta ɗauki kwanakin zuwa har na komowa.

Fasfo ya yi saura wata 3 bayan fitarsa,
Da shafi 2 farare na bugawa.

Kwana 15 ake jira, wani sa'in har 45,
Tun saura wata 6 ana iya shigarwa.

Ga inda ake tuntuɓe: kuɗi su faɗo asusu
Dare ɗaya, ba albashin da ke nunawa.

Jami'i ya ce aro ne don rufe ido,
Ya sa alama a gurbin shakkar komawa.

Ko ranar otal ta saɓa da ta tikiti,
Wannan sakaci ne, yana da gyaruwa.

Takardar hani na zuwa da dalili a rubuce,
Da wa'adin ɗaukaka ƙara, a yi dubawa.

Tun Afrilun 2024 an sassauta wa Ba'indiye:
Biza 2 cikin shekara 3, ba saɓawa,

Sai a ba shi ta shekara 2, sannan ta 5,
Ya huta da layi da yawan maimaitawa.

Abin da ke min ciwo, shi sai ya tona asusunsa,
Ba'amurke da fasfo kaɗai yake wucewa.

Alhaji Ɗan Tasha

Hajiya, kin kawo shi bakin gaɓa,
Amma biza ba ta hana a duba,
Mai tsaron iyaka in bai gamsu ba,
Yana da ikon mai da shi baya.

Takardu su zauna a jakar hannu,
Tikitin komawa da na otal su ganu,
Ya amsa abin da aka tambaya a sannu,
Kar ya ƙara zance, kar ya yi ƙarya.

Shah Rukh Khan, wanda Kano ta sani,
Newark ta Amurka ta tsare shi a 2009, kun gani,
White Plains a 2012, sai kuma wani
A Los Angeles, 2016, ya sha tambaya.

Abdul Kalam, tsohon shugaban ƙasa,
A 2011 New York ta lalube jikinsa,
Har kwat da takalmi aka karɓa a gunsa,
Amurka ta nemi afuwa daga baya.

SSSS in a katin hawa jirgi yake,
Alama ce za a yi ƙarin bincike,
In an yi yau, gobe ma aka sake,
Ya nemi lambar DHS TRIP, shirin jin kuka na Amurka, don kariya.

Ɗan Sikh kuwa da ke naɗa rawani,
Na addini ne, ba adon zamani,
Ya nemi ɗaki a keɓe, da shaida wani,
Kar a tuɓe masa kai a fili, abin kunya.

Ɗan Autan Zango

Iyayena, ku gafarce ni in tsoma baki,
Akwai ƙaiƙayi a zuciyar yaranmu.

Maris 2017, Greater Noida kusa da Delhi,
Taron mutane ya far wa ɗalibanmu,

'Yan Najeriya, har cikin kantin zamani,
Kan zargin da ba a tabbatar ba a kanmu.

Sai da jakadun Afirka suka tashi tsaye,
Suka kira shi wariya a madadinmu.

Ga bidiyon Bali, wasu 'yan Indiya sun kwashe kayan otal,
To don me ciwonsu zai zama namu?

Malam Na-Kurmi

Ɗana, ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya,
Abin Noida tabo ne da ya taɓa mu.

Sai dai wanda ya ɗaga sanda a Noida
Hujjarsa: in an zargi ɗaya, a kama dukanmu.

Ita ce hujjar mai takardar Gstaad,
In mun yarda da ita kansu, ta halatta kanmu.

Iyali guda a Bali suka ɗau kaya,
Ba Indiya duka ba, mu riƙe harshenmu.

Yunin 1893 aka jefo Gandhi daga jirgin ƙasa
A Pietermaritzburg, nan nahiyarmu,

Da tikitin aji na ɗaya a hannunsa.
Jirgin ruwan Komagata Maru ma yana tarihin da ya iso mu:

'Yan Indiya 376, Vancouver ta tare su a 1914,
Sai 2016 majalisar Kanada ta ji afuwa, a zamaninmu.

Layin da ake ware su a filin jirgi, waiwaya,
Mu ne a bayansu riƙe da fasfonmu.

Barista 'Yar Katsina

Malam, Alhaji, ku ba ni fili kaɗan,
In kawo mudun da ke hannun doka.

A ɗauko baƙo na biyu, halinku ɗaya,
Launi ya bambanta, shi ma an yi masa haka?

An ce ɗaki ya ƙare, wani ya zo bayanka
Ya karɓi makulli? To ga hujjarka.

An ce biya kafin ka ci, su teburin gefe
Sai sun ƙoshi ake lissafi? Ga shaidarka.

In kowa aka sa wa sharaɗin, ƙa'ida ce,
Ko ta yi ɗaci, haƙuri ne maganinka.

Birtaniya na da Dokar Daidaito ta 2010,
Ta kare launi, asali, har ƙasar fasfonka.

Mai otal da mai shago duk ta ɗaure su,
Wata 6 kacal kotu ke jiran ƙararka.

Amurka, Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964,
Babi na 2, otal da gidan abinci duka.

Jamus ta yi tata a 2006, amma a kula,
Wata 2 ne wa'adin neman diyyarka.

Tarayyar Turai tun 2000 ta wajabta
Kowace ƙasa ta kafa hukumar jin kuka.

Ga raminta: ba ta shafi biza da iyaka ba,
Nan ƙasa na da ikon tace mai sauka.

In an hana ka hawa jirgi daga Turai,
Ka zo kan lokaci, cikakkun takardunka,

Doka mai lamba 261 ta ce yuro 600,
In ta haura kilomita 3,500 tafiyarka.

Rashin gaskiya ba shi ke kashe ƙara ba,
Hutun kwana 10 ne, jirgi na jiranka.

Ka koma Mumbai, wa'adi ya wuce shiru,
Ba rasit, ba suna, sai zafi a ranka.

Don haka aika imel kafin ka bar garin,
Kwanan watansa zai tsaya a madadinka.

Baba Tafinta

'Yata Barista, kin ba baƙo garkuwa,
Bari in nuna masa yadda ake riƙe ta.

Kar ya ɗaga murya ko da an zage shi,
Mai ihu ake kira wa 'yan sanda, kar ya manta.

Ya nemi manaja, ya ce masa a natse:
Dalilin hana ni, don Allah a rubuta.

Ya ɗau rana da awa da lambar tebur,
Sunan da ke ƙirjin ma'aikaci ya karanta.

In wani baƙo ya gani da idonsa,
Ya roƙi lambar waya kafin ya fita.

Hoton kyamarar tsaro gogewa yake,
Wani cikin kwanaki, wani bai wuce wata.

Ya nemi a adana shi, a rubuce, ranar.
Amma a Jamus ga tarkon da zai kiyaye ta:

Naɗar muryar mutum a ɓoye laifi ne,
Mai ƙara sai ya koma wanda za a hukunta.

In duka ne, 112 a Tarayyar Turai,
999 Birtaniya, Amurka 911 tata.

Ya je asibiti ko raunin ƙarami ne,
Takardar likita kotu na buƙata.

In shi aka kama, Yarjejeniyar Biyana ta 1963,
Sashe na 36, ƙasarsa a sanar da ita.

Kar ya sa hannu kan abin da bai gane ba,
Ya ce sai an kawo masa tafinta.

Indiya na da shafin MADAD tun 2015,
Can ake shigar da kuka a bi sawun buƙata.

Fabrairun 2015, a Madison ta Alabama,
Dattijon Gujarat ya fito shan iska ya huta.

Jikansa ya zo gani, ba ya jin Turanci,
Maƙwabci ya buga waya, 'yan sanda suka zo da mota.

Aka maka shi da ƙasa, laka ta taɓu,
Gwamna ya roƙi Indiya afuwa da wasiƙar da ya rubuta.

Ba laifin dattijo ba ne ko ƙwayar zarra,
Amma masu kai iyaye, ga abin da ya kamata:

Kati da harshen garin, suna da adireshi,
Da lambar ɗansa manya, mai saurin karanta.

A rataya shi a wuya, kar a sa aljihu,
Hannu a aljihu ɗan sanda kan ɗauka bindiga ce zai fitar da ita.