Fentin shimfiɗa ya yi mini yashi a jikin sojojina goma, in kankare ko in ci gaba?

Ɗan Lenton

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Nottingham, kuma gidan da nake haya tafiyar ƙafa ce zuwa Warhammer World, hedikwatar Games Workshop, kamfanin da ke yin wasan tebur na Warhammer 40,000. Na shiga kallo ne kawai wata Asabar, na fito da kwalin Intercessors, ƙananan sojojin roba na Space Marines guda goma, waɗanda mutum ke haɗawa ya yi musu fenti da kansa. Sati biyu ina yanka su daga jikin firam ɗin robar da gaɓoɓinsu ke zuwa manne a kai, ina kankare layin da injin zubi ya bari da bayan wuƙa, ina mannawa. Har Hajiyarmu ta hango su a kan tebur muna waya ta bidiyo, ta ce, "Au, wasan 'yartsana aka tura ka yi?"

Jiya da magariba na fita bayan gida da gwangwanin baƙin fentin feshi da na saya a wani shago, na shimfiɗa, wanda ake fara fesawa kafin a shafa launi. Ana ɗan yayyafi, sanyi kuwa har yatsu ba sa lanƙwasuwa. Na fesa, na shigo da su. Da safe sai na tarar kamar an barbaɗa musu garin kwaki: sulken kafaɗa da ya kamata ya yi sumul ya koma kamar samfefa, tambarin gaggafar da ke ƙirjinsu ma ya cushe. Shuɗin Macragge Blue na saya don in yi su Ultramarines, rundunar Space Marines mai shuɗin sulke. In shafa a haka zai rufe, ko sai na kankare? In kankarewa ce, da me, kada in narkar da robar?

Mai Buroshi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sannu, duk mun taka wannan ƙayar. Kada ka shafa shuɗin. Fentin waɗannan abubuwa siriri ne, bin jiki yake yi, duk ƙurjin da ke ƙasa sai ya fito da shi. Ranar da ka zuba Nuln Oil kuwa, baƙin fenti mai ruwa-ruwa na fito da inuwa, maimakon ya gangara cikin lungunan sulke, sai ya tsaya a kowane ɗan rami, sojan ya zama kamar mai ƙyanda.

Laifin yanayi ne. Gwangwani in ya yi sanyi ƙarfin iskar cikinsa raguwa yake, sai ya riƙa tofi maimakon feshi. Ga raɓa. Kuma na tabbata ka tsaya nesa don tsoron kada ya yi kauri, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka.

Maganin yana banɗakinku: Dettol, ruwan ƙasa-ƙasan nan da iyayenmu ke ɗigawa a ruwan wanka. Turawan nan sun daɗe suna cire fenti da shi. Zuba shi zallarsa a kwalbar jam, ka nutsa su su kwana. Washegari ka sa safar roba, don yana ɗaye fatar yatsa, ka dirje da tsohon buroshin haƙori. Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ruwa ya taɓa su sai fentin ya fita tas. Ka san yadda Dettol ke yin fari in ya haɗu da ruwa? To a nan fentin ne zai koma danƙo, baƙi, mai kama yatsa kamar cingam. Na taɓa yin garajen kai su famfo, na kwana uku ina tsince shi da tsinken sakace. Dirje da Dettol ɗin, sa sabulun wanke-wanke kai tsaye, sannan ruwa.

Ummu Necron

Yaya Mai Buroshi, Dettol na aiki, ban musa ba, amma wari fa? Wata guda sojojina suna ƙamshin asibiti a cikin akwati. Ni sifirit nake amfani da shi, isopropyl mai kashi 99. Awa ɗaya ko biyu ya isa, ba danƙo, kuma ya bushe nan take. A buɗe taga, a nisanci murhu, wuta yake kamawa.

Abin da ban yarda a kusanta ba shi ne ruwan cire jan farce mai asiton. Robar nan narkewa take a cikinsa, fuska ta shafe. Ƙarfe ne kawai ke jure shi, irin tsofaffin sojojin da ake zubawa da ƙarfe. In kuma wata rana ka sayi na rezin, wani abin zubi mai kama da roba, ko sifirit ɗin ma kada ka bar shi ya jima, yana sa shi laushi.

Tsohon Soja 87

Yara, ku tsaya. Wasan nan tun 1987 yake, ni kuma na fi shekara ashirin ina ɓata sojoji, don haka ku bar ni in faɗi abin da ba a tambaye ni ba.

Ɗana, ɗauki guda goman nan ka kai taga da rana, ka shafa kowanne da babban yatsa. Ba duka ne suka lalace daidai ba, na gefen kwalin da ka jera su a kai lokacin feshi su suka fi shan wahala. Wanda ƙurjinsa kaɗan ne, busasshen buroshin haƙori kawai zai kakkaɓe mafi yawa. Kankare huɗu ko biyar da suka cushe, sauran ka koyi hannu a kansu. Sojanka na farko ba zai yi kyau ba ko da shimfiɗarsa ta yi santsin madubi, gara ka yi kuskuren a jikin wanda ya riga ya ji rauni. A tebur kuma, daga nisan hannu, tsakanin gine-gine da ɗan lido, babu mai ganin ƙurji a kafaɗar abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

In za ka sake feshi: tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, minti biyar. Girgiza shi minti biyu cur, ka duba agogo, don hannu ƙarya yake yi. Tazara kamar taƙi ɗaya da ɗoriya, santimita 20 zuwa 30, feshi gajere-gajere kana wucewa. Gwada a jikin ragowar firam tukuna. Ni dai daga Nuwamba zuwa Maris na daina faɗa da sararin Ingila, shimfiɗar da ake shafawa da buroshi nake yi a ɗaki, ga shayi a gefe.

Ɗan Lenton

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na bi maganarka na kai su taga. Shida sun karɓi buroshi, huɗu suna cikin kwalbar jam tun azahar. Sai dai sajan ɗin, wanda na fi wahala a kansa, yana cikin huɗun, kuma hannunsa da na liƙa da sufa gulu ya riga ya ɓalle yana kwance a gindin kwalbar. Abokin hayata ya shigo kicin yanzu yana tambaya wa ya ji ciwo.